Mutumin da aka "kashe" sau dubu hamsin

Yau da tambaya za mu fara. Idan muna kallon fim ɗin faɗa, wa idonmu yake bi? Jarumi mana, sai kuma bos. Yaran bos kuwa, waɗanda ke rugowa a guje a sare su su zube, ba mai tambayar sunansu. To, labarin ɗaya daga cikinsu muka kawo muku a wannan makon, wani ɗan wasan ƙasar Japan mai suna Seizo Fukumoto.

An haife shi a shekarar 1943 a lardin Hyogo. Yana ɗan shekara 15, wato sa'an da yawa daga cikinku, ya shiga kamfanin shirya finafinai na Toei da ke birnin Kyoto. Kamfanin ya yi suna wajen finafinan tarihi, na zamanin samurai, mayaƙan Japan na da masu rataye da takobi. Fukumoto ya fara daga ƙasa: yau a sa shi cikin taron jama'a, gobe ya kwanta a matsayin gawa. Sannu a hankali ya zama abin da Japanawa ke kira kirareyaku, ma'ana ɗan wasan da aikinsa shi ne jarumi ya sare shi ya mutu.

Kada ku ɗauka abin wasa ne. Faɗan takobi a fim ana tsara shi ne taku bayan taku. Idan wanda za a sara ya riga takobi faɗuwa, 'yan kallo dariya za su yi. Idan ya makara, saran jarumi ya zama na banza. Ashe ke nan ƙarfin da muke gani a hannun jarumi, rabinsa aikin wanda ya faɗi ne. Fukumoto ya fahimci haka, sai ya mai da mutuwar tasa sana'a. Ya yi nazarin yadda Charlie Chaplin, shahararren ɗan wasan barkwancin nan, yake faɗuwa. Daga baya aka san shi da wani salo: da an sare shi sai ya gantsare, ya lanƙwashe ta baya kamar jatan lande, fuskarsa ta juyo wajen kyamara, sannan ya zube ƙasa. Muna roƙonku kada wani ya gwada wannan a filin makaranta, domin shi ma shekaru ya yi yana koyo.

Haka ya yi ta mutuwa a finafinai da wasannin talabijin irin su Mito Komon, har aka yi masa laƙabi da mutumin da aka sara sau 50,000. Ba wanda ya zauna ya ƙirga, kirari ne na masoya. Amma kirarin ya nuna cewa masu kallo sun fara neman fuskarsa a cikin yaran bos, ko da ba su san sunansa ba.

A 2003, yana da shekara 60, ya fito a fim ɗin Amurka The Last Samurai tare da Tom Cruise. Shi ne dattijon samurai da aka sa ya riƙa gadin baƙon, yana binsa duk inda ya sa ƙafa, bakinsa a rufe. A ƙarshe ma mutuwa ya yi, wajen kare baƙon a fagen yaƙi. Sai a 2014, yana da shekara 71, aka fara ba shi matsayin jarumi, a fim ɗin Uzumasa Limelight, labarin wani tsohon kirareyaku da zamani ke neman wucewa ya bar shi. Da wannan fim ya ci kyautar gwarzon ɗan wasa a bikin finafinai na Fantasia da ake yi a Montreal ta ƙasar Kanada. Ya rasu ranar 1 ga Janairu, 2021, yana da shekara 77.

Me ya sa muka ɗauko wannan labari? Mun sha ganin abin da ke faruwa idan malami zai raba matsayi a wasan kwaikwayon ƙarshen zango. Kowa sarki yake so ya fito, ko gimbiya. Wanda aka ba dogari sai ya tura baki, wani ma ya daina zuwa gwaji. Ranar wasa sarki ya shigo, dogarai na tsaye sororo suna ƙunshe dariya, sai fadar ta koma kasuwa. Haka yake a ƙwallo, inda kowa ke son cin raga, ba mai son tsaron baya. Haka yake a aikin rukuni, inda ake rububin wanda zai tsaya gaban aji, a bar mai tattara bayanai shi kaɗai. Hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka.

Ba za mu yi muku alƙawarin cewa duk wanda ya riƙe ƙaramin aiki da kyau zai karɓi kyauta a Kanada ba. Fukumoto ya yi shekara 56 kafin a sa sunansa a sama, kuma abokan aikinsa da yawa sun tsufa ba a sa nasu ba. Abin lura shi ne, da a ce jiran wannan rana kawai yake yi yana aikin da ƙyuya, da ranar ba ta same shi a shirye ba. Kyautar ta tarar da shi ya riga ya ƙware.

Ga aikin wannan mako. Idan kun sake kallon fim, na Kano ne ko na Indiya ko na Sin, ku zaɓi mutum ɗaya wanda ba jarumi ba, ku bi shi da ido har ƙarshe, ku ga abin da ya ƙara wa fim ɗin. In kuma an ba ɗayanku dogari a wasan bana, to ya riƙe rawaninsa da kyau, ya ɗaga murya yadda na bayan zaure zai ji. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.