Kifin Zinariya Ba Ɗan Kwalba Ba Ne

Jama'a, a ɗakin kimiyya na makarantarmu akwai wata kwalba mai faɗin baki, da jajayen kifaye uku a ciki, irin waɗanda ake kira kifin zinariya. Tun ina aji ɗaya nake ganinsu, ga shi yau ina aji huɗu, amma babu wanda ya wuce tsawon ɗan yatsana. Da su biyar ne, biyu suka mutu. In ka tambayi ɗalibai sai su ce ai haka Allah ya halicce su, ƙanana. Ni ma da haka na ɗauka.

To, Hausawa sun ce gani ya kori ji. A hutun da ya wuce na je gidan kawuna, na tarar ya gina kududdufin siminti a lambunsa, ya zuba irin kifayen nan. Ya ce shekara huɗu ke nan da ya saye su, kowane bai fi ɗan yatsa ba. Da muka kamo ɗaya na kara masa rulata mai santimita 30, sai na ga kaɗan ya rage ya cike ta. Tun daga ran nan na tabbata namu na makaranta tsumburewa suka yi, mu ne kuwa muka tsumburar da su.

Ga yadda abin yake. Kifi ba kamar mutum ba ne da zai kai wani munzali ya daina girma; shi muddin yana raye yana ƙaruwa, sai dai girman ya riƙa raguwa in ya tsufa. Kifin zinariya na gama-gari, in ya sami kududdufi mai faɗi da ruwa mai tsabta da abinci daidai, yakan kai santimita 20 zuwa 30 cikin 'yan shekaru, wani ma ya zarce. Yakan kuma rayu shekara goma zuwa ashirin. Amma a kwalba, ruwa ba ya tsami banza. Kifin nan akwai ci, akwai kuma kashi, sa'an nan yana fitar da wani guba da ake kira amoniya ta kunnuwansa da yake numfashi da su. A ruwa kaɗan guban nan taruwa yake yi. Kuma iskar da kifi ke shaƙa ta saman ruwa take shiga, saman kwalba kuwa ɗan ƙanƙane ne. Shi ya sa za ku ga namu sun taso sama suna ta buɗe baki. Mu muna cewa gaisuwa suke yi, alhali kuwa numfashi suke nema.

Ko tarihinsa ma ya nuna ɗan kududdufi ne. Mutanen ƙasar Sin ne suka fara kiwonsa fiye da shekara 1,000 da suka wuce, daga wani kifin kogi mai duhun jiki, a kududdufan lambu kuwa suka fara ajiye shi. Daga baya ne ya shiga ɗaki, ya kuma bazu duniya. Har ma a shekarar 2005 hukumar birnin Rum ta ƙasar Italiya ta hana ajiye shi a kewayayyar kwalba.

Wani zai ce, to, in kwalba ta yi masa kaɗan, a kai shi rafi mana a sake shi. A'a, wannan gyaran gangar auzinawa ne. A shekarar 2021 hukumar garin Burnsville da ke jihar Minnesota ta Amurka ta roƙi mutane su daina zuba shi a tafki, domin an kamo waɗansu ƙatti da suka girma fiye da yadda kowa ke zato. A kogin Vasse na yammacin Ostareliya an sami wanda nauyinsa ya kusa kilo 2. Shi kifin nan tonon laka yake yi, ya tumɓuke tsiron ƙasan ruwa, ya gurɓata ruwan, ya kuma cinye ƙwan waɗansu kifaye. Wa zai so a yi wa rafin garinsu haka?

Saboda haka ra'ayina shi ne, wanda ba shi da halin ba kifin nan wuri, kada ya saye shi. Mu kuwa da muka riga muka ajiye, ina roƙon Shugaban makaranta ya yarje wa ƙungiyarmu ta manoma mu gina ɗan kududdufi a bayan ɗakin kimiyya. Zurfinsa ya kai ƙafa biyu ko uku, a yi masa rumfa domin ruwa in ya yi zafi iskar cikinsa raguwa take yi, a riƙa sauya wani sashe na ruwan kowane mako, a kuma shimfiɗa raga saboda kyanwa da zalɓe. Na ji waɗansu na tsoron sauro. To, ku kwantar da hankalinku, 'ya'yan sauro abinci ne ga kifin nan. Aikin haƙa kuwa, mu da muke share filin wasa kowace Asabar ba zai gagare mu ba. Siminti kawai muke nema.

Iyayenmu, ku ma ina da roƙo gare ku. In ƙanenmu sun ga kifi a kwalba sun yi kukan a saya musu, ku fara tambaya ina za a ajiye shi nan da shekara goma. Malamin addini ya koya mana labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ba. Kyanwa ma tana iya kuka a ji ta, shi kuwa kifi ko wannan ba ya iyawa. Saura uku suka rage mana, kada mu jira sai mun wayi gari mun tarar da su a saman ruwa, ciki a sama.

Allah ya sa mu gane, ya kuma ba mu ikon sauke amanar abin da muka ajiye. Wassalam.