Fahimtar Ma'ana Ita Ce Gaba da Hadda a Nahawun Ingilishi

Duk malamin da ya duba insha'in ɗaliban Gusau, Tsafe da Bungudu masu shirin jarrabawar WAEC, ya san yadda kalmomin da ke ƙulla sassan jumla suke wahalar da su, har yaro ya gwama although da but, saboda harshensa ya saba da "ko da yake" tare da "amma". A ra'ayina, hadda ba ta maganin wannan illa. Kamar yadda malaman zaure masu karantar da Ajurumiyya suke fassara kowace ƙa'ida da Hausa, wajibi ne malaman boko su tambayi ɗalibi maƙasudinsa, ko sharaɗi ne, ko dalili, ko togaciya, domin wanda ya fahimci ma'ana, zaɓen lafazi ba zai gagare shi ba.