Sanƙarau: masana sun sauke nauyinsu, saura masu mulki

Kowace shekara, daga shigowar hunturu har faɗuwar ruwan farko, sanƙarau yakan leƙo Nijar kamar mai karɓar haraji. Ƙwayar da ke haddasa annobar dangi ce mai rassa, masana suka laƙaba masu haruffa: A, C, W, X da Y. Nan gizo ke saƙa. A 2010 aka shigo da allurar MenAfriVac a Nijar, Mali da Burkina Faso, ta kusa shafe irin A, wanda ya yi ɓarnar 1996 da ta ci rayuka kusan 25,000 a Afirka. Sai ƴan uwansa suka gaje shi. A 2015 irin C ya kama mutum fiye da 8,000 a ƙasar nan, ya kashe sama da 500. Shi kuwa X, da ya tayar da annoba a 2006, ba shi da rigakafi ko kaɗan a lokacin.

Wannan giɓin ne bincike ya cike. Kamfanin Serum Institute na Indiya da ƙungiyar PATH sun haɗa allura guda, Men5CV, mai tare iri biyar ɗin duka. An gwada ta a kan mutum 1,800 a Mali da Gambiya, sakamako ya fito a 2023, OMS ta amince da ita a watan Yulin shekarar. Najeriya ta fara amfani da ita a 2024, Nijar ta biyo baya cikin shekarar.

Sai dai allura a kwalba ba ta taɓa ceton kowa ba. Mutanen Yamai ba su manta da 2015 ba: makarantu a rufe, allura ta yi ƙaranci, iyaye na zagaya farmasi da kuɗi a hannu. Inda duk aka samu ƙaranci da tsoro, macuci na nan kusa. A shekarar OMS ta yi gargaɗi cewa alluran sanƙarau na jabu na yawo a Nijar, ta sake yi a 2017 da 2019. Kwalayen ba daga sama suka faɗo ba. Wani ya yi odarsu, wani ya kau da kai a duwan, wani ya jera su a kanti. Uban da ya biya ya koma gida hankali kwance, alhali ɗansa ba shi da kariya. Ɗan kasuwar da ya ci wannan riba ya san abin da ya ci.

Maganin jabu shi ne allurar gaskiya ta iso kyauta, kafin hunturu, har gidan likitan ƙauye, a cikin firji mai aiki. OMS ta ba da shawarar a yi wa kowane yaro ita tsakanin wata 9 da 18. Wannan aikin kasafin kuɗi ne, bai kamata a jingina shi ga masu ba da agaji kaɗai ba.

Akwai kuma sa ido. Men5CV ba ta tare kowane sanƙarau. Wasu ƙwayoyin daban ma suna kawo shi. Ba a sanin wace ce ke yawo sai an ɗebi ruwan ƙashin bayan maras lafiya an auna, aikin da cibiyar CERMES ta Yamai ta daɗe tana yi. Ruwan da aka ɗiba a Magarya ko Madawa yana bukatar mota, mai, da ma'aikacin da aka biya albashinsa a kan kari. Ya kamata a ga waɗannan a rubuce, da adadinsu, cikin kasafin ma'aikatar lafiya.