Daga Ɗakin Aji: Na'urar da Ta Iya Rubutu, Zane da Waƙa

Kwanan baya muka ba 'yan ajinmu aikin gida, muka ce kowa ya rubuto labarin ƙasarsu. Ran Litinin sai wani yaro, wanda da ƙyar yake haɗa jimla uku, ya miƙo shafi biyu cur da Turanci mai santsi. Muna cikin karantawa muka iske an sa Babura a ƙarƙashin Sarkin Kazaure. To, mutanen nan sun san Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi su ne ƙasar Kazaure, Babura kuwa ta Ringim ce. Da muka tambaye shi bai yi gardama ba. Ya ce wayar wansa ce ta rubuta.

Iyaye, abin nan shi ake kira ƙirƙirarriyar basira. Wadda ta fi suna, watau ChatGPT, ta fito a ƙarshen Nuwamba 1 ga watan Disamba bai kama ba, cikin 2022. A 2024 kuma aka sa irinta cikin WhatsApp a Nijeriya, saboda haka ta riga ta shiga gidajenmu ba sallama. An ɗura mata rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, har ta koyi wace kalma ce ta saba bin wace. Inda rubutu ya yi yawa, kamar labarin birnin London, takan faɗi daidai. Inda ya yi ƙaranci, kamar labarin Gwiwa, sai ta cike gurbin da abin da ya yi kama da gaskiya, ba ko inda-inda. Ba yara kaɗai take ruɗa ba. A 2023 wani alƙali a New York ta Amurka ya ci lauyoyi tarar dala 5,000 domin sun kawo masa shari'o'in da ba a taɓa yi ba, na'urar ce ta ƙaga musu.

Abin ya dame mu domin mun san inda yaranmu suka nufa. Ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga makarantar koyon kwamfuta ta jiha a nan garin, ga kuma jami'ar fasaha ta tarayya da aka kafa a Babura a 2021. Uba ya sayar da riɗi da gyaɗa ya biya kuɗin makaranta, ɗa kuwa ya karɓo takardar shaida a kan aikin da ba shi ya yi ba. Ranar da aka ba shi aiki a hannu, wa zai tsaya masa?

Amma fa ba mu ce a ƙwace wayoyi ba, gama mu ma mun ci moriyarta. Littattafan da ke hannunmu sau da yawa hotunansu na wata ƙasa ne. Da za mu koyar da ajiyar hatsi, muka ce wa na'urar ta zana mana rumbu a gidan manomi. Kafin mu gyara zama ta gama. Hoton ya yi kyau ƙwarai, sai dai rumbun yana zaune a ƙasa daɓas, ba duwatsu a ƙarƙashinsa. Muka nuna wa yara muka yi shiru. Nan take wata yarinya ta ce gara za ta cinye dawar kafin bazara. Wani ya ce jinkar ta yi ƙarami, ruwa zai zubar da bangon. Aji ya kaure da musu, daga baya kowa ya ɗauki fensir ya zana nasa. Mun daɗe ba mu ga darasi ya shiga haka ba. A can Colorado hoton irin wannan na'ura ya ci gasar zane a 2022. A ajinmu bai ci ba.

Zancen waƙa ya fi wuya. Akwai na'urorin da za ka ba su kalmomi, su sa murya da kiɗa su rera maka. Samari sun fara kawo wa ƙungiyoyin mawaƙa irin waɗannan. Sai a saurara da kunnen basira, domin Hausa tana da hawa da saukar murya waɗanda rubutu ba ya nunawa. Kuka na hawaye da kukar miya harufansu ɗaya ne. Haka fari na launi da fari na rashin ruwa. Mai shirya waƙa na ƙwarai yakan sa karinsa ya bi muryar kalma, ita kuwa na'ura harufa take gani.

Akwai wani amfani da ya fi burge mu. A 2023 mawaƙan Beatles na Ingila suka fitar da waƙa da muryar John Lennon, wanda ya rasu tun 1980. Ba ƙaga muryar aka yi ba; na'ura ce ta tsame ta daga wani tsohon kaset mai hayaniya. Gidaje nawa ne a Roni da Kazaure suke da irin kaset ɗin nan a ƙasan akwati, na Zumuntar Mata, ko na bikin aure, da muryoyin iyayen da suka riga mu? Kada a zubar. A ba ɗan da ya iya kwamfuta ya juye su tun zaren bai ruɓe ba.

A gida kuwa ga abin da muke roƙo. In yaro ya gama aikinsa, a ce ya kife wayar, ya faɗi abin da ya rubuta da Hausa. Ko uwar ba ta yi boko ba, za ta gane in nasa ne.

Shi yaron nan namu, muka mai da shi wurin kakansa, muka ce ya tambayo. Ya dawo da rabin shafi, kuskuren rubutu har goma sha ɗaya. Amma a ciki akwai sunan rijiyar da unguwarsu ta fara sha, da dalilin da ya sa aka bar tsohuwar kasuwa. Muka yarda masa ya sa na'urar ta nuna masa kurakuran Turancin, shi kuma ya gyara da hannunsa. Muka ba shi bakwai cikin goma.