Ɗan sandan da ya je ajiye aiki, ya dawo ya karɓi bajensa

Duk wanda ya taɓa raka ɗan HND 2 yawon kilyarans ya san yadda mutum yake komawa a ranarsa ta ƙarshe. Daga laburare zuwa ofishin kuɗi, daga can zuwa wajen shugaban sashe, takarda a hannu, ana buga mata hatimi ɗaya bayan ɗaya. A ranar nan ko gobara ce ta tashi a ɗakin lakca, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne kada takardarsa ta ƙone. Ya gama da makaranta, makaranta ta gama da shi. Ni ban ga laifinsa ba, nan da 'yan watanni ni ma haka zan yi.

Na kawo wannan ne don in ba ku labarin wani mutum da ranar nasa kilyarans ɗin ta zo masa da abin da bai zata ba. Sunansa John Perry, ɗan sanda ne a birnin New York na ƙasar Amurka. Da safiyar Talata, 11 ga Satumba, 2001, ba ya bakin aiki. Yana hedikwatar 'yan sandan birnin yana cike takardun ajiye aiki, bayan shekara takwas yana sanye da kaki. Shekarunsa 38, kuma yana da inda za shi, domin lauya ne tun kafin ya shiga aikin ɗan sanda, aikin lauyan yake shirin komawa. Da ƙarfe 8:46 jirgin farko ya daki ɗaya daga cikin tagwayen benayen Cibiyar Kasuwanci ta Duniya, wadda ba ta da nisa da hedikwatar, tafiyar ƙafa ce. Perry ya bar takardun, ya karɓi bajensa, ya nufi wajen.

A can ya shiga cikin masu fitar da mutane, shi da wani babban jami'i abokinsa, Kyaftin Timothy Pearson. Suna taimakon wata mata da ta kasa tafiya da ƙafarta benen kudu ya rufto, da ƙarfe 9:59. Pearson ya fita da ransa. Perry bai fito ba. Sai a watan Maris na 2002 aka gano gawarsa a cikin ɓaraguzan. A ranar, ma'aikatan kashe gobara 343 suka mutu, da 'yan sanda 37 na hukumar da ke kula da benayen, da 'yan sandan birnin 23. Perry yana cikin 23 ɗin nan, kuma shi ne wanda da ya ga dama ya tsaya a bakin taga ya yi kallo, babu mahaluƙin da zai tuhume shi.

Da na faɗa wa abokin ɗakina abin da zan rubuta, tashi ya yi zaune a kan katifa. Ya ce, "Malam, duk matsalolin makarantar nan, ruwa babu, wuta babu, sai ka tsallake ka tafi Amurka ka ɗauko ɗan sanda? Ɗan sanda fa! Kai ba kai ne aka ƙwace wa waya ba?"

Gaskiyarsa, ni ne. Ina dawowa daga hutu aka tsayar da motarmu a wani shinge, aka ce kowa ya sauko. Ganin jaka da kwamfuta, sai aka ware ni gefe, aka karɓi wayata ana bin hotunana da saƙonnina ɗaya bayan ɗaya kamar wanda aka kama da kayan sata. Na nuna katin makaranta, ko kallonsa ba a yi ba. Sai da direba ya zo ya yi magana ƙasa-ƙasa, kuɗin da aka ba ni na cefanen sati biyu ya ragu, sannan muka wuce. Har yau idan na hango shinge sai gabana ya faɗi. Na san kuma a cikin masu karanta wannan akwai waɗanda nasu ya fi nawa muni nesa ba kusa ba. Zanga-zangar EndSARS ta Oktoban 2020 ai ba daga sama ta faɗo ba. An rubuta mana "ɗan sanda abokin kowa", an rubuta "beli kyauta ne" a bangon caji ofis, mu kuma mun san abin da muke gani.

Kada kuma wani ya ɗauka cewa nake yi 'yan sandan Amurka waliyyai ne. Rundunar da Perry yake wa aiki ita ce dai wadda jami'anta huɗu suka buɗe wa Amadou Diallo wuta a watan Fabrairun 1999, a ƙofar gidan da yake zaune a unguwar Bronx. Diallo ɗan ƙasar Gini ne, matashi ɗan shekara 23, ɗan tireda, ba ya ɗauke da makami. Harsashi 41 suka harba, 19 suka same shi, kuma bayan shekara guda kotu ta wanke su duka. Perry yana cikin rundunar a lokacin, a Bronx ɗin ma ya yi aiki. Kaki ɗaya, baje iri ɗaya.

To a nan ne labarin Perry ya kama ni. Mutumin nan ba irin ɗan sandan da yake ganin hukuma ba ta kuskure ba ne. Yana sanye da kakin, yana kuma cikin shugabannin wani reshe na ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta jihar New York, ƙungiyar da aikinta ya haɗa da kai 'yan sanda kotu idan sun wuce gona da iri. Ku ƙaddara a nan a ce wani sufeto yana zama a taron masu kare haƙƙin ɗan Adam da yamma, da safe ya koma caji ofis. Yana adawa da yadda ake cika gidajen yari da matasa a kan laifin ƙwaya, shi ya sa bayan mutuwarsa aka kafa asusun tallafin karatu da sunansa, don ɗaliban da gwamnati ta janye wa tallafi saboda an taɓa hukunta su a kan irin wannan laifi. Kana iya yarda da ra'ayinsa, kana iya ƙi, ni kaina ba duka na haɗiye ba. Mahaifiyarsa, Patricia Perry, daga baya ta shiga sahun iyalan mamatan da suka ƙi yarda a fake da mutuwar 'ya'yansu a tauye wa wasu haƙƙinsu.

Wani abin kuma, wannan lauya da yake jin Faransanci da Sifaniyanci da Rashanci da yaren Suwidin, yana yaro bai iya karatu ba sai da ya kai wajen shekara tara. Masu kariyoba, ku ji da kyau.

Abin da nake son faɗa shi ne, tunawa da Perry ba wanke 'yan sanda ba ne, kuma sukar 'yan sanda ba ta hana a tuna da shi. Mu ɗalibai mun saba da ɗaukar ɓangare. Idan ka yabi ɗan sanda guda, an ce an saye ka. Idan ka soki rundunar, an ce kai ɗan tayar da zaune tsaye ne. Shi kuwa ga mutum ɗaya da ya haɗa biyun a jikinsa, kuma a ganina tushensu ɗaya. Wanda ya ɗauki ran mutum da mutuncinsa da nauyi har yake jayayya da hukumar da take biyansa albashi, shi ne wanda ba zai iya tsayawa ya ga bene yana ci da wuta da mutane a ciki ba. Wanda ya karɓi kuɗin cefanena a shinge, shi ma kaki ne a jikinsa, yana kan aiki ma, ana biyansa don ya tsare ni. Ashe ba kakin ne yake aikin ba, kuma ba jadawalin wanda yake duti ba ne.

Idan haka ne, to maganar ta bar kan 'yan sanda ta dawo kanmu, kuma nan ne abokin ɗakin nawa ya koma ya kwanta.

A zangon da ya wuce, da idona na ga mota ta buge ɗan acaɓa a titin da ke gaban ƙofar makaranta. Kafin ka ce kwabo mun kewaye shi, mun fi mu talatin. Wayoyi sun fi goma a sama. Salati kuwa kamar a gidan makoki. Mutumin yana kwance jini yana zuba daga ƙafarsa, kowa yana cewa "a kai shi asibiti mana", babu wanda ya sunkuya. Mai shayin bakin ƙofa ne ya bar tukunyarsa a kan wuta, ya cire rawaninsa ya ɗaure ƙafar, ya tsayar da a-daidaita-sahu. Ni ina ina? Ina cikin talatin ɗin. Ban ɗauki bidiyo ba, amma ban sunkuya ba, kuma kafin magariba na kalli bidiyon a guruf ɗin ajinmu har sau biyu.

Na san amsar da za a ba ni, don ni ma ita na ba kaina a ranar: ka taimaka ka shiga uku. Ka kai mutum asibiti a ce sai da takardar 'yan sanda, ya cika a hannunka ka kwana a bayan kanta, iyayenka su sayar da akuya su yi belinka. Wannan tsoron ba ƙarya ba ne, kuma laifinsa yana wuyan waɗanda suka mayar da mai taimako abin tuhuma. Amma mu da muke kiran kanmu 'yan boko, ya kamata a ce mun san abin da doka ta ce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar wanda yake buƙatar taimakon gaggawa, ko da wane dalili. Dokar 2017 a kan waɗanda aka harba da bindiga ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya fara ba da magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ko kuɗin ajiya ba, ta kuma ce wanda ya kawo mai raunin a mutunta shi, kada a tsare shi da tambayoyin cin fuska. Ana bin dokokin ko'ina? A'a. Amma ɗalibin da ya san su, ya tsaya a gaban kanta ya faɗe su da bakinsa, wasu biyar na bayansa, ba daidai yake da wanda ya zo shi kaɗai yana rawar jiki ba. Mai shayin nan bai san ko ɗaya daga cikinsu ba ya sunkuya.

Ba kuma cewa nake kowa ya faɗa wuta ba. Perry horarren jami'i ne, ya san yadda ake fitar da jama'a daga gini, duk da haka bai tsira ba. Wanda bai iya ruwa ba ya faɗa kogi ceton wani, gawa biyu za a fitar. Ko gwanin ruwan ma yana da iyaka: a watan Yulin 2018 Joe Blankson ya fitar da mutum 13 daga ruwa bayan kifewar jirgi a jihar Ribas, da ya koma ɗauko na 14 bai dawo ba. Tsakanin faɗawa wuta da ɗaga waya akwai fili mai faɗi, kuma a cikinsa yawancinmu za mu iya yin wani abu. Danne rauni da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya. Hana mutane ɗaga wanda ake zargin ya karye a wuya ko a baya kamar buhun masara. Buga 112, ko 122 ta hukumar kiyaye haɗurra. Tsayar da motoci, korar 'yan kallo su ba shi iska. Wayar da kake ɗaukar bidiyon da ita, ita ce dai ake kiran da ita.

Sai maganar tunawar kanta. Sunan Perry yana sassaƙe a jikin tagulla a inda benayen suke a da, tare da sunayen mutum kusan dubu uku, kuma duk ranar 11 ga Satumba ana karanta su ɗaya bayan ɗaya da babbar murya. Shi ya sa ni da nake zaune a hostal a wata nahiya na san shekarunsa da harsunan da yake ji. Mu fa? Sojoji suna da 15 ga Janairu, 'yan sanda ma yanzu an ware musu 7 ga Afrilu, ana fareti ana jawabi. Amma tambayi kowa a ajinku ya kawo sunan ɗan sandan ƙasar nan guda ɗaya da ya mutu wajen ceton wani. Na gwada a namu, shiru. Sunayen waɗanda suka zalunce mu kuwa, har lambar motarsu mun haddace. Ba na cewa a manta da su, a'a, a riƙe su da kyau har ranar da za a yi hisabi. Sai dai ƙaramin ɗan sandan da ya fito daga kwalejin horo bana, idan ya duba ya ga babu wanda ake tunawa a cikin na kirki, kuma na banza su ne suke gina gidaje, wa kuke ganin zai bi?

Saboda haka ina da roƙo biyu ga shugabannin ƙungiyarmu, kuma duka biyun ba su kai kuɗin kanofi da kujerun bikin makon ɗalibai ba. A ware yini ɗaya a cikin makon, a gayyato 'yan Red Cross su koya mana taimakon farko, da hannu ba da lakca ba, a fara da 'yan kwamitin hostal da masu gadin ƙofa. Sannan mujallar nan ta buɗe shafi guda a kowace fitowa don wanda ya ceci wani a makarantar nan ko a unguwannin da ke kewaye da ita, ɗan sanda ne, ɗan sintiri ne, ɗaliba ce, direba ne. Idan edita ya amince, ni zan rubuta na farko. Na riga na je wajen mai shayin, ya yi dariya ya ce shi bai ga abin rubutawa ba, rawanin ma ai tsoho ne. Ya ce ɗan acaɓan ya warke, yana ɗingishi kaɗan, kuma yakan tsaya ya sha shayi.