Wasiƙar Akawu: Zancen Lambar Rufe Ƙofa A Makarantun Injiniya Na Indiya

Zuwa ga Edita,

Ga ni na sake zuwa roƙon ɗan filin nan da ka saba ba ni. Wannan mako zancena zai ƙetare teku zuwa ƙasar Indiya. Dalili kuwa, tun da yaranmu suka soma tafiya can neman ilmi, malamai da akawuna 'yan'uwana sun yawaita tambaya a kan abu guda, wai wace lamba ce yaro zai ci kafin a ɗauke shi karatun injiniyan kwamfuta a manyan makarantun ƙasar. Tambayar ba ta da laifi. Amsar da a ke tallarta ita ce na ke so mu duba da idon basira, gama akwai masu cin abinci da ita.

Bari in fara da makarantun kansu. Bayan Indiya ta sami mulkin kai a 1947, shugabanninta suka ga ba su da isassun injiniyoyi, sai suka kafa waɗansu makarantu na musamman waɗanda a ke kira IIT. Ta fari an buɗe ta a Karagfur a 1951, a cikin wani gini da Turawan Ingila suka taɓa tsare masu neman 'yanci. Ta Bombai ta biyo a 1958 da taimakon Rasha, ta Madaras da ta Kanfur a 1959, ɗaya da taimakon Jamus ta Yamma ɗaya da na Amurka, sa'an nan ta Delhi a 1961 da taimakon Ingila. Yanzu sun kai 23. Amma duk yawan nan nasu, gurabun sababbin ɗalibai a 2024 ba su cika dubu 18 ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan dubu da ɗari huɗu.

Hanyar shiga, a da ba haka ta ke ba, amma daga 2013 an mai da ita tsani mai hawa biyu. Hawan fari shi ne jarrabawar da a ke ce wa JEE Main, wadda yara fiye da miliyan ɗaya ke zaunawa kowace shekara. Daga cikinsu a kan tsame na gaba su dubu 250 a ba su iznin hawa na biyu, watau JEE Advanced, takardu biyu a yini ɗaya, a kan lissafi da fizis da kimistiri. A 2024 wajen dubu 180 suka zauna ta, 48,248 suka tsallake. Yaro kuwa sau biyu kaɗai a ke yardar masa ya gwada wannan ta biyun, a shekaru biyu a jere. In ya faɗi duka, shi ke nan.

To, ga inda mu mutanen Nijeriya mu ke ruɗewa. Mun saba da JAMB, inda a ke ƙidaya maki cikin 400, hukuma ta zauna da shugabannin jami'o'i su yanka mafi ƙarancin makin shiga, kamar 140 da aka sa wa jami'o'i a 2024. Saboda haka in mun ji zancen Indiya sai mu tambayi maki. Su kuwa can maki ba ya ba mutum gurbi, iyakar aikinsa ya sa sunan yaro cikin jeri. Dubi wannan: jarrabawar ta biyu maki 360 ce a shekarun nan uku, amma abin da yaro ke bukata don sunansa ya shiga babban jeri 55 ne a 2022, ya zama 86 a 2023, ya hau 109 a 2024. Wanda ya zo na ɗaya ma 314 ya ci a 2022, na 2024 kuwa 355. Ba yaran ne suka ƙara kaifin kai haka cikin shekara biyu ba, tambayoyin ne su ke tsanani wata shekara su yi sauƙi wata. Don haka mai ce maka maki kaza zai isa, bai san abin da ya ke faɗi ba. Abin da a ke dubawa shi ne lambar jeri, watau yaro na nawa ya zo a ƙasa duka.

Sa'an nan sai rabon gurabu. Tun 2015 hukuma ɗaya ke yin sa, sunanta JoSAA, ta haɗa makarantun IIT da waɗansu 31 da a ke kira NIT da sauran na Gwamnatin tarayya. Kowane yaro zai rubuta jerin abin da ya ke so, makaranta kaza fanni kaza, daga wanda ya fi so zuwa ƙasa, ko da ɗari ne. Na'ura ce ke rabon, zagaye biyar ko shida. In an gama kowane zagaye sai hukuma ta buga lambobi biyu ga kowane fanni: lambar wanda ya fi kowa cikin waɗanda suka shiga, da lambar na ƙarshen shiga. Wannan ta biyun ita na ke kira lambar rufe ƙofa, ita ce kuma duk a ke ta hayaniya a kanta.

Jama'a, a lura da kyau. Ba wanda ya zauna a ofis ya yanka wannan lamba. Sawun ƙafar mutum na ƙarshe ce kurum, ba ta samuwa sai bayan an gama shiga. Kamar farashin hatsi ne ran kasuwa, ba Sarkin Kasuwa ke faɗinsa da asuba ba, yawan buhunan da aka kawo da yawan masu saye ke haifar da shi, sai la'asar a san yadda ya tsaya.

Ga yadda ta tsaya a fannin kwamfuta, ga gurabun da kowa ke iya nema. A Bombai, daga 2022 zuwa 2024, ƙofa ta rufe tsakanin na 60 da na 70. A Delhi ta ɗan haura ɗari. A Madaras ba ta kai 200 ba, a Kanfur kuwa wajen 250. Ka auna wannan da miliyan ɗin da suka taso tun hawan fari. Yaron da ya zo na 500 a ƙasar Indiya duka, wanda a garinsu sai a yi ta zuwa kallonsa, ba shi da gurbin kwamfuta a ko ɗaya cikin huɗun nan.

Me ya sa ƙofar ta yi ƙunci haka? Abu na fari, ba dukan gurabu ne na kowa da kowa ba. Dokar ƙasar ta keɓe 15 cikin ɗari ga zuriyar waɗanda a da a ke ƙyamar ko taɓa su, 7.5 ga ƙabilun da aka bari a baya, 27 ga waɗansu jinsunan da ba su ci gaba ba, sa'an nan a 2019 aka ƙara 10 ga matalautan da ba su cikin waɗannan. Abin da ya rage wa kowa 40.5 ne. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, tun da jami'o'in tarayyarmu ma su kan ware kaso ga jihohin da ke baya a ilmin zamani. Har wa yau tun 2018 an ƙaro wa 'yan mata gurabu na daban, har rabonsu ya kai 20 cikin ɗari a 2020. Kowane rukuni da nasa jeri da tasa lambar rufe ƙofa. Wanda ya ga an rubuta 30 a gaban wani rukuni ya ɗauka na 30 ne a ƙasa duka, ya karanta takardar a juye. Makarantun NIT kuma da lambar hawan fari su ke ɗauka, rabin gurabunsu na 'yan jihar da makaranta ta ke ne, saboda haka lamba ɗaya ta kan buɗe wa wani ƙofa ta rufe wa maƙwabcinsa na ƙetaren iyaka.

Abu na biyu shi ya fi damuna. Lambar tana ciyar da kanta. Yaro ya ga bara manyan zakaru duk kwamfuta suka zaɓa a Bombai, sai ya ce lalle nan ne wurin zakaru, shi ma ya sa ta a kan jerinsa, ko da zuciyarsa na wajen gina gada ko haɗa magani. Uba ya ji labarin albashin da kamfanonin Amurka ke biya, ya ƙara masa ƙaimi. Bana ƙofa ta sake rufewa a 60 da 'yan kai, na baɗi su gani su bi. Da haka lambar da ta ke nuna inda jama'a suka yi cincirindo ta koma a idon mutane ma'aunin darajar ilmi. Ni ban yarda da wannan ba. Cikar kasuwa ba ta nuna kyaun kaya.

Masu buga lambar da a ke tsammani, tun kafin a yi rabo, ba wani asiri gare su ba. Ta bara su ke ɗauka, wadda hukuma ta buga kyauta ga kowa, su ƙara kaɗan ko su rage kaɗan. A saman jeri su kan yi kusa da daidai, don can lambar ba ta cika motsi ba, kowa ma zai iya wannan duba. A tsakiya da ƙasa kuwa, inda yawancin yara su ke, ƙarin gurabu ko buɗe sabon fanni irin na ilmin sarrafa bayanai ya isa ya gusar da ita da nisa, nan ne kuwa a ke bukatar gaskiya.

Ga wata magana da na ke so malamai su riƙe, su koya wa duk yaron da abin ya shafa. Tsarin da na'urar ke bi ya samo asali daga wata dabara da masana lissafi biyu na Amurka, Gale da Shapley, suka bayyana a 1962, har Shapley ya sami kyautar Nobel a 2012. Yadda ta ke aiki, za a gwada yaro a zaɓinsa na fari. In waɗanda suka fi shi lamba sun cika wurin, a gangara da shi na biyu, ba tare da ya yi hasarar kome ba don ya nemi na farin. Watau sa abu mai wuyar samu a kan jeri ba ya rage wa mutum rabonsa a na ƙasa. Hasara tana ga wanda ya tsorata da lambar tsammani, ya ce ai ba zan samu ba, ya ɗora abin da bai fi so ba a sama. Da zarar an ba shi wannan, duk abin da ke ƙarƙashinsa ya tafi, ko da lambarsa ta isa. A zagaye na gaba yana iya cewa ya tsaya a nan, ko a matsa da shi sama in wuri ya samu, ko a sauya masa fanni cikin makarantar, amma ba a komawa ƙasa, jeri kuwa in an kulle shi ba a sake taɓawa. Amfanin lambar bara guda ne: ta nuna wa yaro ya tsawaita jerinsa har ya kai inda ya tabbata zai samu. Ba aikinta ba ne ta shirya masa abin da zai fi so.

Kada a ce na mai da ƙaramin abu babba. Akwai wani gari a jihar Rajastan, sunansa Kota, wanda sana'arsa ita ce horar da yara don wannan jarrabawa da ta likita. Yara fiye da dubu ɗari ke kwarara can a shekara, waɗansu ba su wuce goma sha biyar ba, iyaye sun ci bashi ko sun sayar da gona. A 2023 yara fiye da ashirin suka kashe kansu a garin, har hukumar gunduma ta ba da umurni a sa wa fankokin ɗakunan kwana wani ƙarfe mai saki in an rataya nauyi. Allah ya kiyaye. A watan Janairu na 2024 Ma'aikatar Ilmi ta ƙasar ta fitar da ƙa'idodi, ta ce gidajen horon nan kada su ɗauki yaron da bai kai 16 ba, kada kuma su yi wa iyaye alkawarin lamba. Makarantar Bombai ma a 2023 ta daina barin ɗalibai su sauya fanni bayan shekarar fari, don ta ga yara sun shiga sun ci gaba da tseren neman komawa kwamfuta maimakon su zauna su koyi abin da ke gabansu.

Abin mamaki kuwa, manyan da a ke nuna wa yaran nan don a zuga su, da yawansu ba ta wannan ƙofa suka bi ba. Sundar Pichai, wanda ya zama shugaban Google a 2015, ilmin ƙarafa ya karanta a Karagfur. Satya Nadella, shugaban Microsoft tun 2014, bai shiga IIT ba sam, a Manifal ya yi karatun lantarki. Nandan Nilekani, ɗaya daga waɗanda suka kafa Infosys a 1981, lantarki ya karanta a Bombai. Ban kawo su don in ce karatun kwamfuta ba shi da amfani ba, yana da shi ƙwarai, ni kaina da ita na ke aikin ofis yau. Na kawo su ne don masu talla ba su kan faɗi wannan ɓangaren ba.

Saura abin da ya shafi namu yaran kai tsaye. Baƙo wanda ba ɗan Indiya ba ne, ba a tilasta masa hawan fari, yana iya rubuta sunansa a JEE Advanced kai tsaye, in ya cika sharuɗɗan shekaru da na takardar gama sakandare. Gurabun baƙi kuma ƙari ne a kan na 'yan ƙasa, har zuwa 10 cikin ɗari na kowane fanni, saboda haka lambar 60 da 'yan kai ɗin nan ba da ita za a auna ɗan Kano ko ɗan Damagaram ba. Amma fa sai ya tsallake jarrabawar, ita kuwa lissafinta da fizis ɗinta sun zarce abin da a ke koyarwa a yawancin sakandarenmu, kuɗin makaranta na baƙo kuma ya fi na ɗan ƙasa. Har wa yau makarantar Madaras ta buɗe reshe a Zanzibar ta ƙasar Tanzaniya a 2023, inda a ke koyar da ilmin sarrafa bayanai da ƙirƙirarriyar basira, shiga can kuwa da jarrabawarsu ta daban ce da ganawa da malamai. Duk uban da wani dillali ya zo masa da takarda mai jerin lambobi yana neman kuɗin hanya, ya tambaye shi na wace shekara ne, na wane zagaye, na wane rukuni, sa'an nan ya sa a duba masa ƙa'idodin shekarar da hukumar jarrabawar ta buga da kanta.

 

Ni ne naka,
Akawu Mai Bin Diddigi