Ɓarin cikin aladu a Ostareliya: Gargaɗin da ya shafi har wanda bai taɓa kiwonsu ba

A farkon shekarar 2022, masu gonakin aladu a kudu maso gabashin Ostareliya sun ga abin da ya ɗaure musu kai. Iyayen aladun na ci suna sha lafiya lau, amma idan haihuwa ta zo sai 'ya'yan su fito matattu, wasu a bushe kamar tsohuwar fata, wasu kuma da rai amma suna karkarwa. A ƙarshen watan Fabrairu gwaji ya tabbatar da cewa cutar kumburin ƙwaƙwalwa ta Japan ce, wadda sauro ke yaɗawa. Ranar 4 ga Maris gwamnatin ƙasar ta ayyana ta a matsayin lamarin lafiya da ya shafi ƙasa baki ɗaya. Kafin a sassauta matakan a 2023, an samu cutar a gonaki sama da 80, mutum 45 sun kamu, bakwai sun rasu. Ta sake hallaka mutane a 2025.

Asalin ƙwayar cutar tana jikin tsuntsayen ruwa irin su zalɓe da balbela. Ruwan sama mai yawa da ambaliya sun tara tsuntsayen da sauro wuri guda, sauro ya ɗauko ta ya kai wa aladu. Babban alade ba ya cika nuna wata alama. Sai dai a jikin mai ciki ƙwayar kan bi jini ta ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan tayi. Cikin alade kwana 114 ne, kuma ɗan tayin ba ya samun garkuwar jiki sai wajen kwana 70. Wanda cutar ta riska kafin nan yakan mutu ya bushe a mahaifa, mai gona kuwa ba zai sani ba sai ranar haihuwa. Kenan a lokacin da aka ga asarar, ƙwayar ta riga ta yi makonni tana yawo a yankin.

Nan ne lamarin ya wuce gona ya shiga gari. Ƙwayar tana hayayyafa sosai a jinin alade, sauron da ya cije shi kuma yana iya cizon mutum. Ba a kamuwa da ita ta cin nama, ba ta kuma tsallakawa daga mutum zuwa mutum, don haka wanda bai taɓa kusantar alade ba bai tsira daga sauron ba. Yawancin waɗanda suka kamu ba sa jin komai, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin waɗanda ta taɓa wa ƙwaƙwalwa, har kashi 30 cikin 100 na iya mutuwa. Akwai rigakafi, babu maganin warkarwa.

Cutar ta Asiya ce da yankin Fasifik, amma an taɓa gano ta a jikin wani majinyaci a Angola a 2016. Darasin kuma ya riga ya iso Afirka ta Yamma ta wata ƙofar. A shekarar 2016 ɗin, zazzaɓin Rift Valley ya ɓulla a jihar Tawa ta Nijar, dabbobin makiyaya suka yi ta ɓari, aka ba da rahoton mutuwar mutum fiye da 20. Cutar daban ce, dabbobin daban, amma alamar iri ɗaya ce.

Najeriya na da kasuwar aladu ta Katsit kusa da Kafanchan, ɗaya daga cikin manya a ƙasar, tana da fadamun shinkafa, tana da ambaliya kusan kowace damina. Tana kuma da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom mai iya gwaji. Giɓin yana tsakanin mai kiwo da cibiyar. Wanda ya san ba za a biya shi diyya ba, ɓoye asararsa zai yi ya garzaya kasuwa da sauran dabbobin. Muddin jihohi ba su ɗauki isassun likitocin dabbobi ba, kuma ma'aikatun noma da na lafiya ba sa musayar rahoto, labarin da ya kamata a fara ji daga garke sai a gadon asibiti za a ji shi.